Ganuwar Mutumin Vimtim

Kwamfutar ta gwanjo ce. Na saye ta ne don kawai na ga mai shagon da ke kallon nawa ya sayi irinta, ni kuwa ba na son a riga ni abu a layinmu. Da na kai ta gida na buɗe, sai na tarar wanda ya mallake ta a can ƙasar da ta fito ya bar wani wasa a ciki, na sarautar zamanin da. Ana ba ka ƙasa guda a kan taswira, da garuruwanta da gonakinta da ramukan tama, a ce ka riƙe ta. Kai za ka yanka haraji, kai za ka ce a gina rumbu ko maƙera, kai za ka san yawan samarin da za a ɗebe daga gona a ba su bindiga. In ka ɗebi da yawa, damina ta wuce ba noma, talakawa su yi maka bore. In ka ɗebi kaɗan, maƙwabci ya shigo da igwa ya kwashe ka da rana tsaka. Na buɗe shi da nufin in leƙa kawai, sai kiran la'asar ne ya sa na ɗaga kai.

Ni mai awo ne a kasuwar Mubi, shinkafa da wake da gero nake sayarwa. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina da jakunansa ya sauka a nan, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Sana'ar awo tana koya wa mutum abu guda tun yana yaro, wato kada ya yarda da bakin buhu sai ya zura hannu har tsakiya. Na sha ganin wake mai kyau a sama, ƙasa kuwa ƙwari sun gama da shi. Saboda haka in aka ce ina da zargi ba na musu. Da zargin nan nake ciyar da gidana.

Mutum ɗaya ne ban taɓa zura wa hannu ba. Manomi ne daga Vimtim, wani ƙauye kusa da nan, Kirista, mun san juna tun muna samari, lokacin da yake kawo wa mahaifina gyaɗa a bayan keke. Ina kiransa Sarkin Noma don tsokana, shi kuma yana ce mini sobajo, wato aboki da Fulatanci, duk da daga ni har shi babu Bafulatani. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo, garin nan ya watse kowa ya kama gabansa, a kan babur ɗinsa mahaifiyata ta fita. Tun kafin wannan ma, duk tafiyar da za ta ɗauke ni fiye da mako, makullin sitona a hannunsa nake bari. Yakan shigo gari ya buɗe, ya juya buhuna su sha iska, ya sa maganin ƙwari, ya fitar wa masu dafa abinci abin da suka saba ɗauka. Dangina sun sha gunaguni a kan haka. Ban taɓa kula su ba, don na san halin kowannensu da buhun da ba nasa ba.

Shi na fara nuna wa wasan, wata Asabar a ƙarƙashin rumfata. Turancinsa ya fi nawa, shi ya gano cewa mutum biyu za su iya yi a kan kwamfuta ɗaya. Kowa da ƙasarsa, wannan ya gama nasa zagayen ya rufe, wancan ya buɗe nasa. Ƙasar ɗan'uwanka kuwa duhu ne ya lulluɓe ta, ba ka ganin komai sai ɗan abin da ke bakin iyaka. Muka zaɓi ƙasashe biyu da ke maƙwabtaka, duwatsu a tsakaninsu, da mashigi guda ɗaya tal. Ana nan sai kwamfutar ta fito da wata tambaya. Ya karanta, ya juyo wajena.

"Sobajo, wannan abu yana tambaya ko za mu sa faswod," in ji shi. "Kowa da nashi, don kar wani ya buɗe ƙasan wani."

"To, me ka gani?"

"Ni ban ga komai ba. Kai ne mai kwamfuta."

A raina ina so. Na tabbata shi ma da an tsare shi shi kaɗai zai ce a sa. Amma wa zai fara faɗa? Mutumin da ka ba makullin sito, da wane baki za ka ce masa ka kulle ƙasar wasa don kada ya leƙa? Kunya ta riƙe ni, ta riƙe shi. Na yi dariya na ce ai mu ba yara ba ne, ya danna a wuce, aka wuce.

Tsarinmu ya zama haka. Ran Asabar yakan shigo gari ya sayi shinkafar da iyalinsa ke ci ran Lahadi bayan coci, in auna masa, in yi masa gyara, wato ɗan ƙarin da mai awo ke ɗorawa bayan mudu ya cika. Sai ya ɗaure kwamfutar a bayan babur cikin tsohon buhun taki ya tafi da ita Vimtim, inda yake da ƙaramar sola. Ran Laraba ya dawo mini da ita bayan ya yi nasa zagayen, ni kuma in yi nawa kafin Asabar. Wasan da na ji 'yan makaranta suna gamawa a yini biyu, mu muka ja shi fiye da shekara.

Kowa ya yi mulki irin halinsa. Ni ba na iya ganin hatsi a ajiye. Da an yi girbi nake sayar wa ƙasashen da kwamfuta ke riƙe da su, in sayi tama, in buɗe maƙeru, in sayar da bindigogi ga masu faɗa da juna, in gina hanya da ribar. Baitulmalina ya cika har na rasa inda zan sa kuɗi. Shi kuwa, daga abin da nake hange a bakin iyaka, rumbu ne a kan rumbu. Ya gina ganuwa a mashigin duwatsun tun da wuri, amma babu kowa a kanta. Dalili kuwa a fili yake. A wasan nan soja yana ci ba ya noma, ba mai iya tsare ganuwa shekara da shekaru ba tare da yunwa ta cinye shi ba. Kullum na duba, ganuwar nan wayam, mutanensa duk suna gona.

Akwai yarjejeniyar zaman lafiya a tsakaninmu, na sani. Amma wasan ya yarda a warware ta, kuma ba don a yi ta kallon rumbunan wani aka ƙirƙiro igwa ba. Na yi watanni ina shiri. Na rage haraji don kada a yi mini bore a baya, na tara albarushi, na ƙera igwa a garin da ya fi nisa da iyaka, na riƙa matso da su sannu a cikin duhun da ba ya gani. Wata Juma'a na kammala komai, saura in ce a tafi a zagaye na gaba. Ran Asabar ya zo, na auna masa shinkafarsa, muka yi hira mai daɗi, har na raka shi bakin titi. Ran Laraba na buɗe kwamfuta ina murmushi, sai na tarar da ganuwar nan cike da mutane, ba masaka tsinke. Ya kwashe kowa daga gona ya ɗora a kanta.

Na janye sojojina na ce sa'a ce. Bayan zagaye biyu ya mai da mutanensa gona, ganuwa ta koma wayam. Ni kuwa na yi asarar abincin rundunar da ba ta harba ko harsashi ɗaya ba. Bai ce mini komai ba, ban ce masa komai ba.

Na sake shiri bayan girbi, wannan karon na fi ɓoyewa. Har na aika masa kyautar dawakai a cikin wasan don ya saki jiki. Ranar da na shirya tsaf, ya dawo da kwamfutar ganuwa a cike.

Daga nan barcin rana ya ƙaurace mini. Abin da ya dame ni shi ne lokacin. Bai tara mutane mako biyu kafin ba, bai tara mako guda bayan ba, sai daidai zagayen da zan buga. Na zauna na zura hannu cikin buhun nan har ƙasa, abu ɗaya na taɓo. Kwamfutar tana kwana huɗu a ɗakinsa. In an buɗe wasan, tutar ƙasata tana nan kusa da tasa, dannawa ɗaya ce, ba kulle ba komai. Na riƙa ganinsa a raina, zaune a gindin mangwaronsa, ya buɗe ƙasata yana zagaya maƙeruna kamar mai duba gonarsa.

Na faɗa wa mai ɗakina. Tana tsince wake a faranti, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, mutumin da ka ba makullin abincin 'ya'yanka kake tuhuma a kan sojojin da ba sa cin tuwo?"

"Ai shi ya sa," na ce. "In zai iya ɗaga murfin abin da ba shi da amfani, ya zo ran Asabar ya dube ni ido cikin ido yana dariya, me zai hana shi ɗaga na mai amfani?"

Ta ce in sayar da kwamfutar mu huta. Ban sayar ba, tarko na ɗana. Na tara runduna babba a bayan duwatsu, a cikin duhu, inda ba mai ganinta sai wanda ya buɗe ƙasata. Ba ni da niyyar kai hari, ko albarushi ban ba su ba. Na ce in ya cika ganuwa, na kama shi. Na ba shi kwamfuta ran Asabar hankalina kwance. Ran Laraba na buɗe, ganuwa wayam, mutanensa suna shuka.

Wani zai ce ai shi ke nan, mutum ya wanku. Ni ban ce haka ba. Na ce ashe leƙen nasa ya wuce inda nake zato. Ba sojoji kaɗai yake dubawa ba, har ma'ajiyar albarushi yake shiga, ya ga ba komai, ya gane wasan yara nake yi masa. Don in tabbatar, sai na bar rundunar a inda take na wasu makonni, sannan a ɓoye na aika mata albarushi da igwa, na ƙudurta bugawa da gaske. Ya dawo da kwamfutar, ganuwa a cike.

Daga ranar na fara lura da abubuwan da a da ba na gani. Yadda yake tambayata farashin wake alhali ba ya sayen wake. Yadda idonsa ke zuwa ƙofar sito in muna hira. Na tuna wata tafiya da na yi shekarun baya, na dawo na ga kamar an sauya wa buhuna wuri, ya ce ya juya su ne su sha iska. To ai aikin da na sa shi ke nan, amma yanzu sai maganar ta yi mini wani iri. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma ba na jin daɗin kaina a ciki. Ina son mutumin nan. In na hango babur ɗinsa ya karyo kwanar layinmu raina yana yin fari kamar kullum, sai kuma zargin ya dawo.

Ana haka mahaifiyata ta ce tana so a kai ta ƙasar Katsina, inda aka auro ta, ta ga 'yan'uwanta da suka rage tun tana da ƙafa. Tafiyar wata guda ce aƙalla, kuma ta faɗo daidai lokacin da sito ya cika da sabon kaya, duk jarina yana ciki. Ƙanin mai ɗakina, wanda ya daɗe yana harin makullin nan, ya fara zuwa gaishe ni safe da yamma. Na san shi sarai, na san in na bar masa sito zan dawo in tarar ya yi wa rabin unguwa alheri da shinkafata. Duk da haka na ce masa ya saurare ni ran Alhamis.

Asabar ta ƙarshe kafin tafiya Sarkin Noma ya zo. Na ɗauki mudu na cika, na sa gefen hannu na share bakinsa daidai, na juye masa a leda. Ban shirya yin haka ba, hannuna ne ya ƙi komawa cikin buhu. Ya biya, ya ɗauki kwamfuta, ya ce a gaida Mama. Bai tambayi makulli ba, ni ma ban tayar da maganar ba.

Ran Laraba ya dawo bayan azahar, kasuwa ta yi sanyi. Ya ajiye kwamfutar a kan benci ya zauna. Na ga in ban tambaya yau ba, gobe makulli zai tafi hannun ƙanin mai ɗakina ba tare da na ji daga bakinsa ba.

"Sarkin Noma, tsakaninka da Allah, kana buɗe ƙasata?"

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ban taɓa buɗe ba," in ji shi. "Me zan buɗe? Kai da kanka kake gaya mini."

"Ni? Yaushe?"

"Da mudu. Tun muna samari gyara ɗaya kake yi mini, tafin hannu ɗaya. Amma ranan da ka shirya mini yaƙi, hannunka ba ya tsayawa. Ka sa ɗaya, ka sa biyu, ka ƙara na uku. Ka tambayi masara, ka tambayi akuya, ka raka ni har titi. Na farko matana ya ce ko shinkafa ya yi araha ne a Mubi. Na ce a'a, sobajo yana jin kunyana ne, akwai abin da ya dafa. Sai na je na kira mutane daga gona."

Na ce to rundunar da na tara a bayan duwatsu fa, me ya sa bai motsa ba?

"Wane runduna? Ni ban san da shi ba. In ranan gyara ɗaya ka yi, to ni gona na tafi."

Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ni da nake taƙama ba mai sanin cikina a layin nan, ashe shekara guda ana karanta ni a kan shinkafar Lahadi. Na buɗe baki zan mai da abin wasa, in ce daga yau sai dai wani ya auna masa, sai na ga ba dariya a fuskarsa.

"Asabar ɗin nan kuma ka share mudu," ya ce. "Ko ranan da muka yi faɗa a kan gyaɗa ba ka share mini mudu ba. Na ɗaura leda a babur, ina tafiya ina tunani har na wuce mayo, kogin nan na hanyanmu, ban sani ba. Na ce wannan ba gem ba ne. Wannan makulli ne."

Na sa hannu a aljihu na ciro makullin, da igiyar fatar da shi ya ɗaura masa da hannunsa shekarun baya, na miƙa. Na ɗauka zai ƙi karɓa, har na tanadi rantsuwar da zan yi masa. Ya karɓa ba gardama ya sa a aljihun rigarsa, ya tambaye ni masu abinci nawa ne za su zo da wace rana, kamar yadda ya saba.

Sannan ya jawo kwamfutar ya buɗe. Ya yi ta dannawa har ya kai wurin da ta yi mana tambayar nan a ranar farko. Ya turo ta gabana.

"Sa naka."

"Haba, Sarkin Noma. Ai magana ta wuce."

"Sa naka, sobajo. Ka yi tafiya da hankali a kwance."

Ya juya bayansa gare ni, ya fuskanci titi. Ina ganin ƙeyarsa da furfurar da ta fara fito masa, yana kallon masu keke napep suna wucewa. Na jira ko zai juyo, bai juyo ba. Na danna wasu haruffa, kwamfutar ta ce in sake, na sake.

"Naka fa?" na ce.

"Nawa ya zauna haka."

Na kai mahaifiyata ta ga danginta, muka dawo lafiya. Sito yana nan yadda na bar shi, buhuna a juye, ba ƙwaro ko ɗaya. Ƙanin mai ɗakina ya yi fushi na wata biyu ya huce. Wasan ma ba mu daina ba. Ban sake kai masa hari ba, na koma cin ƙasashen kwamfuta ta gabas, shi kuma yana nan da rumbunansa, ganuwarsa wayam.

Halin mutum ba ya barinsa. Har yau akwai ranar da nakan ce a raina, wanda ya iya karanta hannu ai zai iya ƙirƙiro labarin hannu. Amma daga Laraba zuwa Asabar kwamfutar a ɗakina take kwana, tutarsa tana nan kusa da tawa, ba kulle. Nakan zauna in dube ta, in danna tawa, in sa haruffana.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne awo. Ran Asabar in na cika masa mudu, sai hannuna ya tsaya a bakin buhu, ban san ko nawa zan ɗebo ba. Ɗaya ya yi mini kamar na shirya shi ne don ya gani, biyu kuma na san me biyu ke nufi. Na ɗaga kai wata rana in ga abin da yake karantawa a hannun nawa. Ya kawar da kansa wajen titi, yana jira in gama. Haka yake yi duk mako tun daga lokacin.